Maɓalli

A ƙarƙashin gadar Ojuwelegba
akwai wani tsoho mai gyaran agogo,
Baba Alani, ido ɗaya cikin gilashi,
ɗayan yana gadin tebur.
An ce da ƙuruciyarsa ya yi wasan rufa-ido
a gidajen biki, daga Mushin har Ikorodu.

Na sauke keken ɗinkina daga kafaɗa,
na ce, Baba, koya mini guda ɗaya tak.
Ba na neman kurciya daga cikin hula.
Ƙarami nake so,
wanda za a yi a bakin gado,
mai kallo na jin numfashina.

Ya ce, da Hausarsa ta zaman Agege:
To, me za ka ɓatar?

Na ce kwabo.
Ya yi dariya har agogunan suka girgiza.
Kwabo? Ai garin nan ya riga ka,
ya ɓatar da shi ba tare da tafi ba.
Yaron da bai taɓa riƙe shi ba,
ta yaya zai yi mamakin rashinsa?

Zobe fa? Yana ƙyalli, ɗan tonon asiri ne.
Karta? Sai ka shekara kana tsince ta a ƙasa.
Goro? Za ka cinye kafin ka ƙware.
Ƙwai kuwa, da wannan tsada,
kada ma ka soma.

Sai ya dubi yatsuna, duk sawun allura.
Ya ce, sabon shiga ba ya aron kaya.
Ɗauki abin da hannunka ya sani ko a duhu.

Na zaro maɓalli daga gwangwani,
baƙi, mai ido huɗu, na tsohuwar kwat.

Ka yi kamar ka ba wa hagu, in ji shi,
dama ta riƙe abinta a gindin yatsu.
Ka dunƙule hagun kamar da nauyi ciki.
Idonka ya bi ta.
In kai ba ka yarda yana can ba,
babu wanda zai yarda.
Kada ka yi sauri. Sauri na ɓarawo ne.

Kwana huɗu ina yi a cikin danfo,
cunkoso ya zame mini makaranta.
Maɓalli goma sha ɗaya suka faɗa ƙarƙashin kujera,
suka tafi Oshodi ba kuɗin mota.
Wata mai sayar da kifi ta ce,
Malam, ko ƙaiƙayi ne a hannun?

Ran Alhamis na shiga asibitin Idi-Araba,
ɗakin yara, gado na tara.
Nusaiba, shekara shida,
ta rame har ɗan kunnenta ya yi mata yawa.

Na nuna maɓalli. Na ba wa hagu.
Na hura. Na buɗe. Wayam.

Ta dube ni kamar mai duban ɗinkin da ya karkace.
Baba, yana ɗaya hannun.
Babban yatsanka ya yi tsaye kamar soja.

Sannan ta ce, kawo in nuna maka nawa.
Ta ɗauki ƙwayar maganin yamma,
ta kai baki, ta kurɓi ruwa, ta haɗiye,
ta buɗe baki: babu.
Ta buɗe hannu: babu.
Ta ɗaga gefen matashi:
farare guda bakwai, a jere kamar haƙora.

Ban san lokacin da na zauna ba.
Fanka tana juyawa a sama,
janareto na tari a bayan taga.

Muka yi ciniki, ni da gwanar.
Duk ƙwayar da ta ɓata a cikinta da gaske,
zan sake gwada nawa sau ɗaya,
ita kuma ta kama ni.

Ta kama ni Juma'a. Ta kama ni Asabar.
Daren Talata, zazzaɓi ya sauka,
na buɗe hagu, ta kamo dama,
ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.
Babu.

Ina yake?

Wallahi, 'yata, ni ma ban sani ba.
Na ji dai wani abu ya gangara ƙarƙashin gado,
amma ban duba ba.