Wata Ɗaya

Wata tamanin da huɗu na ƙirga.
Ba da kalanda ba,
da jikina na ƙirga,
da shirun da Sabi'u ke yi
in ya ga na naɗe dardumar salla na ajiye.

Yau Talata. Na hau danfo daga Agege,
ruwa ya ci titi tun daga Oshodi,
na iso Idi-Araba da bakin zane a jiƙe.

Bencin asibitin nan ya san mu.
Mu bakwai, yarenmu huɗu, ciwonmu ɗaya.
Nkiru mai takalma a Balogun, shekara tara tana jira.
Bolanle, wadda ba ta magana sai gaisuwa.
Sai Uwani 'yar Obalende, gidan rediyonmu,
labari ba ya kwana a bakinta.

Sista Morenike ta buɗe takardar jinina.
Ta ce akwai wata ƙyanda,
mai sauƙi ga babba, mai mugunta ga ɗan tayi,
kuma jikina bai san ta ba, ba ni da garkuwa.
"Allura ce kawai," in ji ta.
"Amma ki dakata wata guda, kada ki nemi ciki."

Ina fitowa benci ya ɗau zafi.
Uwani ta riƙe mayafina:
"Ƙanwar maƙwabciyar matar wana aka yi wa,
tun ranar mahaifa ta rufe ruf."
Na ce mene ne sunanta?
Ta ce suna kike nema, ko haihuwa?
Nkiru ta yi dariya ba daɗi:
"Ni an yi mini, ban samu ba.
Amma kafin a yi mini ma, ban samu ba."
Bolanle ta dubi ƙasa ta ce
ɗan yayarta na wurinta, shekararsa biyar,
a garin nan na janareta da oda
bai taɓa jin ƙarar komai ba.
Ba ta ƙara ba. Ba mu tambaya ba.

Ba na yi wa Uwani dariya.
Ni da ita mun sha abin da ba shi da suna:
sassaƙe daga gida, tsimi a galan,
wani baƙin ruwa daga Mushin mai ɗacin mutuwa,
ba mu taɓa cewa me ke ciki ba.
Sai allura ce muke wa tambayar kabari.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma abin gudu ne,
mu kuwa kowane wata sai an sare mu.

Na kira Inna a Funtuwa.
Ta ce, "Tasalla, kar ki kuskura."
Ina riƙe da waya, idona ya faɗa kan dantsena,
kan tabon nan mai kama da ƙwandala.
"Inna, wa ya kai ni aka yi mini lamba?"
Shiru. Ina jin akuyarta na kuka.
"Ni ce. A goye, a ƙafa, da rana tsaka.
Amma ke a lokacin kina bayana, ina jin numfashinki.
Wannan da nake ji wa tsoro
ba ya bayan kowa tukuna."

Sai na gane ba tsinin ne ke ba ni tsoro ba.
Watan ne.
Tamanin da huɗu ƙwace mini su aka yi.
Wannan, cewa aka yi in miƙa da hannuna,
in share ɗaki, in toshe ɓaraka,
don baƙon da bai aiko ya ce yana tafe ba.

Na koma ciki. Na naɗe hannun riga.
Ko zafin cizon sauron Agege bai kai ba.

A danfo, yaron mota na ihun canji,
ina danne auduga da yatsa ɗaya.
Uwani ba ta yi mini sallama ba.
Da dare Sabi'u zai dawo daga kasuwa yana warin albasa,
zan ce masa: tamanin da biyar.
Wannan kam ni na bayar.