Cinikin Jirgi a Sawakin

Ohaj dillali ya ce tsoho ne, amma bai tsufa ba.
Na ce haka ake faɗa a kasuwar raƙuma,
sai ka buɗe baki ka tarar da dasashi.
Jirgi ba shi da baki,
shi ya sa na zo da 'yar guduma.

Shekara shida yana ɗaure a gefen tsibiri,
tun da Baturen ya tafi jinya bai dawo ba.
Ɗansa ya aiko da takarda: a sayar.
Fentin sunansa ya ɓare, saura harafi uku,
tsuntsayen teku sun shafe rufinsa da farar ƙasa.

Na bi cikinsa ina ƙwanƙwasawa
kamar mai zaɓen kankana.
Nan ya ce kau, can ya ce kau,
a gindin dirka ya ce dif,
muryar katakon da ya daɗe yana shan ruwa a ɓoye.
Ohaj ya juya yana gyara rawani.

Injin ya yi tari uku, ya tofar da baƙin hayaƙi,
ya tashi da ƙyar kamar mai masassara.
Wannan bai dame ni ba:
shekara ashirin na yi a ƙarƙashin manyan motocin Bur Sudan.
Zanen ne ban san kansa ba,
fari ne da ya koma launin koko,
faci bakwai, kowane da hannun da ya ɗinka shi.

Bayan la'asar muka fita gwaji,
yaronsa Onur na riƙe da akala.
Da muka wuce bakin murjani ya ce, kashe.
Na kashe.

Ban taɓa sanin shiru yana da gudu ba.

Zane ya cika ciki, jirgi ya kishingiɗa,
ruwa ya soma hira da haƙarƙarinsa.
In iska na bayansa, ingarma ne.
In ta fuskance shi sai kwana-kwana,
dama, hagu, dama,
kamar mai gudun wanda ke binsa bashi.
Na leƙa ƙasa, ruwa ya kai idon sawu.
Na ja famfo ina ƙirgawa: arba'in da biyu.

A nan Tasalla ta faɗo mini a rai,
kakata da ta taso daga Gumel da ƙafa,
ta tsinci auduga a Jazira, ta haihu a hanya,
shekara bakwai kafin ta ga Bahar Maliya,
guzuri ya ƙare a bakin ruwa.
Ta kafa kaskon waina tana fuskantar gabas,
har ta rasu tana cewa hayin can,
kamar rafi ne na bayan gari.

Mun dawo, aka kawo jabana.
Ohaj ya faɗi kuɗi, na ajiye finjali.
Na cire masa dirka, na cire batir,
na cire sarƙar anka da tsatsa ta cinye rabi.
Ya ce albarka. Na miƙe na kaɗe riga.
Sai a zagaye na uku, citta ta dushe,
ya kama hannuna ya ce, Allah ya sa alheri.

Ramlatu ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba.
Ta ce, kuɗin rufin ɗaki ke nan ya shiga teku.
Ya dai yi kuɗinsa?
Na ce dirka za ta ci wata biyu,
zane kuma sai an je Jidda, in ana samu.
Ta ce ba abin da na tambaya ba ke nan.

Daren nan a cikinsa na kwana.
Fitilun jirgin tumaki sun wuce, sun nufi hayin can.
Na tashi kafin asuba na ja famfo.
Arba'in da biyar.