Bajemi a Ɗakin Takarda

Shekara arba'in ina jima a bakin Gulbi,
fatar jar akuya ta san hannuna.
Yau Barira, autata, ta ja ni ɗakin gwajinsu
can bayan Ali Ɗan Sofo,
inda iska ke warin jiƙaƙƙen kwali.

Tsofaffin kaye na 'yan lakwal,
rasit ɗin kantin da ya rufe,
jaridar da ta sha maiƙon ƙosai,
duk an dama su a baho
kamar kunun da ba mai sha.

Ta ce, Baba, takarda in ta yi zuwa biyu
zarenta kan ƙage,
tawada ta maƙale mata kamar tsohon bashi.
A sake ta haka nan, ta fito toka-toka,
ninki biyu ta tsage.

Sai ta ɗauko kwalba, ba ta kai ta turare ba.
Anzim, in ji ta.
Ba guba ba ne, ba ƙwaro ba,
irin aikin da ganyen gwanda ke wa naman tsohon sa.
Ɗigo kaɗan a ruwa mai ɗumi,
na ga baƙi yana saki,
kumfa na tallabo shi sama
ba tare da sodar nan mai cin hannu ba.

Amma ta farkon ta ƙi.
Da ta ɗaga, sai ta zube tsakanin yatsunta.
Ta tsaya tana hararar agogo.

Na tsoma hannu, na murza.
Na ce, kin bar shi ya wuce gona da iri.
Mu ma kashin tattabara muke ba fata ta yi laushi,
ka yi gyangyaɗi, ka tarar ya huda ta.
Mai tausasawa shi ne mai cinyewa.
Agogo bai san wannan ba,
babban yatsa ya sani.

Muka sake.
Ita da ma'auninta, ni da yatsana.
Da na ce tsame, ta tsame.

La'asar ta same ta a kan igiya,
fara, ba fat ba,
farin cikin ƙwarya sabuwa.
Na ja ta, na ninke, na kai kunne:
tana ƙara irin ta fatar da ta jemu.

Ban iya karatu ba.
Ban san bashin wa muka wanke ba,
ko sifirin wane yaro ya bi kumfa.
Barira ta rubuta wani abu a kusurwa,
ta ce sunana ne, Nomau.
Na shafa wurin.
Tawadar ba ta ratsa baya ba.