Rabin Mutum a Gefen Hoto

Ɗari shida da tara na ɗauko ran Talata
a hawa na huɗu, can Plato,
inda sanyin na'ura kan mantar da mutum
cewa rana na dafa kwalta a ƙasa.
Arba'in suke so. Haka takarda ta ce,
da sa hannun Madam Zuwera da shuɗin hatimi.

Da dare nake tankaɗe, a shagona na Wadata,
in wutar Nijelak ta ga dama.
Wannan ya runtse ido, waje.
Wannan atishawa ta kama shi a hanya, waje.
Darakta Kimba sau uku kacal ya dubi idon kyamara,
sauran duk agogonsa yake wa gaisuwa.

Ɗanyen hoto ɗanyar fata ce, sai an jeme.
In rage maiƙon goshi,
in kashe ƙyallin da taga ta zuba a tabarau,
in kori ƙudan da ya sauka kan rahoton shekara.
Korensu kuma ba kowane kore ba ne,
lamba gare shi, kamar mota.
Na taɓa kuskure shi da kaurin gashi
aka maido mini aikin sati guda.

Kowane hoto in raɗa masa suna
ba rago, ba wanzami:
sunan kamfani, kwanan wata, lamba.
In yi masa tagwaye,
mai nauyi don maɗaba'a da kalandar bango,
marar nauyi don ya shige waya ba gardama.
In ajiye wuri uku,
don wanda faifai ya taɓa mutuwa a hannunsa
ba ya yarda da rumbu ɗaya.

Na ashirin da bakwai shi ne sarkinsu.
Manya goma sha biyu a jere, haske ya zauna daidai,
har Darakta ya yi abin da ya yi kama da murmushi.
Sai dai can gefen hagu
ga rabin mutum ya shigo:
kafaɗa, kunne, ido ɗaya,
da hannu riƙe da tiren shayi.

Saƙon Madam ya zo da asuba.
Ya yi kyau sosai. A cire planto.

Minti goma sha ɗaya ya ɗauke ni.
Na ari bango daga dama na shafa a kansa,
na ja labule ya rufe kafaɗar,
tiren ya narke, kofuna suka bi shi.
Shekara ashirin da shida yana hawan matakalar nan,
in ji mai gadi,
ban bar ko inuwarsa a kan tayil ba.
Aiki ya yi tsabta. Ina jin kunyar yadda na iya shi.

Intanet ta tsaya a kashi sittin da ɗaya
kamar jaki a bakin gada,
sai na zuba su a ƴar kile, na hau babur.
Madam ta ƙirga arba'in da ƙumbarta,
ta ce kuɗi sai bayan kwana sittin,
in akanta ya dawo daga Dosso.

A ƙarƙashin matakala na same shi yana ɗauraye kofuna.
Tankari sunansa, mutumin Bouza.
Na miƙa masa ambulan, na asalin ne a ciki,
na wanke da jikata guda.
Ya goge hannu a riga, ya daɗe yana dubawa,
manya goma sha biyu da rabinsa.

Ya ce, tiren ya karkace.
Da ka yi magana, ai da na gyara.

Daga sama aka danna ƙararrawa sau biyu.
Ya soke hoton a bayan kwalin sukari,
ya ɗauki tire, ya daidaita shi, ya hau.