Mudu Biyu a Kwangila

Na rako Cindo tasha da la'asar,
ƙarƙashin gadar Kwangila muka zauna.
Motar Ikko ba ta cika ba tukuna,
saura mutum huɗu, in ji ɗan kamasho,
tun azahar bakinsa ke faɗin haka.

Cindo ƙanena ne, ciki ɗaya,
shekara sha ɗaya yana Agege.
Ya dubi takalmina, ya dubi nasa,
ya ce, "Yaya, Kaduna ta riƙe ka
yadda ƙaya ke riƙe bakin riga.
Abin da kekenka ke ɗinkowa
wata guda cur a Tudun Wada,
ni nakan kama shi kafin Laraba.
Can kuɗi da ƙafarsa yake yawo,
rago kaɗai ke kwana bai taɓa shi ba."

Na ce, to miƙo mudunka mu auna.
Ɗakin da kake haya, taku nawa?
Ya ce bakwai, in an matsa buhuna.
Ku nawa ciki? Ya ce su biyar,
na shida kan zo in ruwa ya kore shi.
Na ce zaurena kaɗai ya fi haka,
ga mangwaro, ga akuya da 'ya'yanta,
ba mai buga min ƙofa ƙarshen wata.

Ya kece da dariya. "Famfonka fa?
Rabonsa da tari tun bikin Lantana.
Kura nawa 'yan garuwa ke turo maka?"
Na sosa ƙeya.
Na ce, ku da ruwan ya yi wa yawa,
ba har gado yake bin ku ba?

Muka sayi rake, gaɓa shida,
muna tsotsa muna tofar da lissafi.
Ya ce tumatirin da ke ruɓewa bakin Galma
can uku-uku ake kasa shi, kamar zinariya.
Na ce mu ke dashe, ku ke yanka farashi.
Ya ce ƙarfe huɗu yake barin shimfiɗa
don ya riga cunkoso hawa gada.
Na ce ni ladan ke tashina,
in dawo in tarar da koko bai huce ba.
Ya ce, "Kokon bashi."
Wannan ma ta shige ni.

Sai na ce, ran da Inna ta yanke jiki,
minti ashirin muna ƙofar Shika.
Kai kwana biyu kana bisa kwalta,
ka iso ana naɗe tabarmin gaisuwa.

Bai kamata in faɗa ba.
Ya juya yana kallon tirela,
raken hannunsa ƙuda ya sauka kai.
Ni ma na rasa inda zan aje idona.

Mutum huɗun suka zo a tare,
wata mata da 'ya'yanta da buhun daddawa.
Cindo ya miƙe, ya kakkaɓe wando,
ya cusa min ambulan a aljihu:
"Filin nan na Dogarawa, mai tsamiya,
ka ba da kafin alƙalami gobe.
Ba na son tsufa ya same ni kan gada."

Ya sa ƙafa a mota, ya waiwayo.
"Af, Tanimunka ya kira ni shekaranjiya.
Ya ce digirin ya gaji da zama a akwati,
in nema masa inda zai sa haƙarƙari.
Na ce masa mu biyar ne,
amma ana matsa buhuna."

Motar ta ɗauki hanya, hayaƙi ya bi ta.
Na tako da ƙafa har PZ,
aljihun dama ya fi na hagu nauyi.
Na shiga gida ana kiran magariba,
an kawo wuta, yara na ihu.
Tanimu na bakin rijiya, durƙushe,
yana wanke tsohuwar jakata.