Akwai ko Babu

Daga Wad Madani na taso da fom arba'in
da biro biyu, ɗaya ma ba ya yi.
Gurbi biyu ne a gaban kowace tambaya:
akwai, babu.
Dokta Babikir ya ce kada in ƙara na uku.

A Mai Wurno, Malam Ashafa ya buɗe mini kabad.
Littafin motsa jiki guda tara ne ga yara ɗari uku,
gara ta cinye babin tsalle,
ta bar na ninkaya, ko ita ma tsoron ruwa take.

Na buɗe shafi na sittin da biyu:
kwamin wanka mai tayil, da layuka, da tsani,
da yaro sanye da tabarau, hannu a miƙe,
an yi masa kibiya a gwiwa.
Wurin ninkaya? Na sa babu.
Ta taga kuwa ga kogi can a kwance,
yara biyar na tsallake shi da riguna a ka,
ba wanda ya taɓa yi musu kibiya.

Katifar faɗuwa? Babu.
Sandar tsalle? Babu.
Ƙwallo? Malam ya ɗago ta, ta lotse kamar tsohuwar ƙwarya.
Ya ce, sa akwai, ai da ranta.
Usur ɗinsa na rataye da igiyar guga.

Da rana ta yi sanyi ya fitar da aji.
Ya ja layi da diddige, ya ce langa.
Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya,
sai Mudassir, wanda shan inna ta riga ta kama masa.
Shi suka yi ruwa.
Ya jingine sandarsa a jikin darbejiya,
ya ratsa su kamar allura cikin tsumma,
ya ture biyu da kafaɗa, ya sha.
Filin ya ɗauki ihu, har da 'yan matan da ke carabke.

Daren nan na bi littafin daga bango zuwa bango.
Hoto ɗari da goma sha huɗu na ƙirga,
kowane yaro ƙafa biyu,
kowace ƙafa da takalmi.
Langa ba ta ciki, ko a ƙarshen shafi.

Tambaya ta talatin da ɗaya:
ko akwai tanadi don masu lalura?
Na daɗe da biro a sama.
In na ce akwai, na yi wa littafin kara.
In na ce babu, me zan ce da ƙurar
da ya bari a bakin mayafina?

Na juya fom ɗin, bayansa fari ne.
Na rubuta sunansa, da tsawon filin da taku,
da yadda ake zaɓen ruwa.
Biron ya ƙafe a tsakiyar layi.
Da safe na ari na Malam Ashafa,
ja ne, na maki.