Ɗinkin Cinnaka

A Sawakin, inda ake gini da dutsen teku,
kakana Nomau ya yi dako damina biyu
yana tara kuɗin jirgin Jidda.
Wata Laraba ƙugiyar buhu ta kuɓuce,
ta tsage masa ƙwauri kamar an fasa kabewa.

Ya barbaɗa toka, ya naɗe da rawani, ya yi shiru.
Kwana biyar, ƙafa ta koma turmi.
Ƙudaje suka riga maƙwabta zuwa dubiya.

Dabji ne ya tare shi, Ba'indiye mai shagon yadi,
wanda ba ya cin nama, ba ya jin Hausa,
Larabcinsa ma gurgu ne irin na kakana.
Ya nuna ƙafa, ya nuna tabarma.
Iyakar gaisuwar ke nan.

Ya tafasa busasshen ganye mai ɗaci
da ya ƙetaro teku da shi a ƙullin tsumma,
wanda mu yau muke kira darbejiya.
Ya wanke, ya sake wankewa, har kakana ya ciji hannun riga.
Ya ɗora matsattsaku uku,
suka sha baƙin jini, suka ƙoshi, suka faɗi.
Sai zuma da man shanu, sai gangamau,
sai hayaƙin ƙaro don korar abin da ido bai gani.

Ran da naman ya yi ja kamar tsakiyar kankana
ya fito da tulu mai murfi.
Cinnaku ne, baƙaƙe, manya.
Ya haɗa leɓɓan rauni da yatsu biyu,
ya kawo ɗaya, ta ciza, ya tsinke jikin,
kan ya tsaya a wurin, bai saki ba.
Bakwai ya jera.
Kowace sai ya yi mata magana ƙasa-ƙasa,
kakana ya ce kamar mai neman gafara.

Kuɗi ya ƙi karɓa.
Ya karɓi goro guda, ya sansana, ya ajiye a kan awo.

Ina yarinya nakan ƙirga ɗigon tabon da yatsa,
bakwai nan, bakwai can,
shi kuwa yana gyangyaɗi.
Yau shagon kango ne, kyanwoyi ke haya.
Ni ke ɗinkin rauni a asibitin Bur Sudan,
da allura, da zare, da safar hannu.

Kakana ya yi ɗawafi da wannan ƙafar.
Ya ce a zagaye na bakwai
sunan Dabji ya faɗo masa a baki,
bai kuwa mayar da shi ba.